Jinin da Ke Kan Aswaki Gargaɗi Ne

 

Yau maganata a kan dasashi take, wato jan naman nan da ke riƙe da haƙora. Ga abin da ya sa na ɗauko ta.

Aikina shi ne zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wata rana na shiga ajin mata a wani ƙauye na gundumar Buza. Malamar ta rubuta kalmomi uku a allo: tsaba, sassabe, zazzaɓi. Kowace mace ta tashi ta karanta, ban da guda ɗaya. Ita wannan ta rufe bakinta da gefen mayafi, ta sunkuyar da kai. Na duba littafinta, na ga rubutunta ya fi na kowa kyau. Bayan an tashi, malamar ta gaya mini dalili. Haƙoranta huɗu na gaba sun zube. In ta zo faɗin "s" ko "ts" sai iska ta kuɓuce mata, ƴan aji su yi dariya. Matar nan ba ta kai shekara 35 ba.

Na tambaye ta abin da ya same su. Ta ce: "Malam, haihuwa ce ta cinye su. Kowane ɗa da haƙorinsa." Na ce ko sun yi kogo ne? Ta ce a'a, farare ne tas, girgiɗa suka yi ta yi har suka fita. Ta ƙara da cewa shekara da shekaru tana ganin jini a kan aswakinta, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Wannan jini shi ne nake so mu daina rainawa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Duk wanda ya ga ja a kan aswakinsa, ko a yawun da ya tofar, jikinsa ne ke yi masa gargaɗi tun da sauran lokaci.

Yadda ciwon yake farawa

Babban mutum yana da haƙori 32, ƙaramin yaro yana da 20. Kowane haƙori yana da saiwa, kuma saiwar tana kafe cikin ƙashin muƙamuƙi. Dasashi ya lulluɓe ƙashin, ya kama wuyan haƙorin gam.

Kullum wani farin datti mai yauƙi yana taruwa a wuyan haƙori. In ka kankara da farce za ka gan shi. Cike yake da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In an goge shi kowace rana, ba ya yin ɓarna. In an bar shi, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi. Dattin kuma yana daskarewa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Da zarar ya daskare, aswaki ba ya iya fitar da shi.

An gwada wannan an gani. A shekarar 1965, a garin Aarhus na ƙasar Danmak, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya sa mutum 12 masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kamu. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako ɗaya ya warke. Wannan shi ne matakin farko na ciwon, kuma maganinsa yana hannun mai shi.

Mataki na biyu shi ne mai ɓarna. Mu mutanen Adar mun san zaizayar ƙasa. Ruwa yana gangarowa daga dutse, yana kwashe ƙasa kaɗan-kaɗan, har saiwar itace ta fito fili. Itacen lafiyarsa lau, amma wata rana iska za ta kayar da shi, don abin da ke riƙe da shi ya tafi. Haka ciwon dasashi yake yi. Ƙwayoyin cutar suna gangarawa ƙarƙashin naman, ƙashin da ke riƙe da saiwa yana narkewa a hankali. Dasashi ya ja baya, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo. Baki ya riƙa wari, wani lokaci mugunya ta fito. Daga nan sai girgiɗa, sai faɗuwa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ciwon ba ya cika yin zafi sai ya yi nisa. Kuma ƙashin da ya narke ba ya komawa yadda yake da kansa.

Ciwon ba namu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a shekarar 2022 cewa wajen mutum 19 cikin kowane manya 100 na duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani. Jimillarsu ta wuce mutum miliyan dubu ɗaya.

Maganganu uku da ya kamata mu bari

Ta farko, ana cewa jinin banza ne ke fita, gara ya fita. Ba haka ba ne. Jinin jikinka ne, yana fita ne don naman ya kumbura.

Ta biyu, ana cewa in aswaki ya fitar da jini, a daina goge wurin. Wannan kamar manomi ne ya ga ciyawa ta yi yawa a wani gefen gona, ya ce ba zai kai hauya can ba. Wurin da ke jini shi ne ya fi bukatar gogewa, amma a hankali, da aswaki mai laushi. Bayan mako ɗaya ko biyu jinin yana raguwa.

Ta uku, ana cewa tsufa ko haihuwa ke zubar da haƙori. Kowa ya san wani tsoho a garinsu da ke tauna goro da haƙoransa cikakku. Game da haihuwa kuwa, gaskiya ne dasashin mai ciki ya fi saurin kumbura da jini, saboda canjin da ciki ke kawo wa jiki. Amma jariri ba ya ɗaukar komai daga haƙorin uwarsa. Mai ciki tana bukatar ƙarin tsabtar baki ne, kuma in ta je awo ta nuna wa ungozoma dasashinta.

Abubuwan da ke ƙara wa ciwon ƙarfi

Taba tana gaba, ko ta sha ce ko garin da ake gumtsa da kanwa. Taba tana rage ƙarfin dasashi, tana hana shi warkewa. Sigari kuma tana ɓoye jinin, har mai sha ya zaci lafiya yake alhali ƙashi yana tafiya. Taba tana iya jawo ciwon daji na baki.

Sai ciwon sukari. Mai wannan ciwo dasashinsa yana saurin lalacewa, kuma lalacewar dasashin tana sa sukarin ya yi wuyar daidaitawa. Wanda dasashinsa ke yawan ƙurji, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ya je a auna masa jini.

Sai rashin abinci mai kyau. Jiki yana bukatar bitamin C don dasashi ya yi ƙarfi, kuma rashinsa yana sa jini. Ana samunsa a gwaba, da lemun tsami, da mangwaro, da ɗanyen tumatir, da tattasai, da kabeji, da ganyen zogale, da garin ƴaƴan kuka. Shanya da doguwar dahuwa suna rage shi ƙwarai. Saboda haka kauɗar tumatir ba ta maye gurbin ɗanye. Masu noman rani a fadamun Tarka da Maggiya da tafkunan Keita, kada ku loda komai a mota zuwa kasuwa. Kusa da fagen albasa a bar ɗan fage na gida, don bakin yara.

Shayi mai yawan sukari da alewa su kuma suna sa haƙori kogo. A rage su, a kurkure baki bayan an sha.

Ga yara, abin yana iya zama na rai

A babban mutum ciwon dasashi yana ɗaukar shekaru. A ƙaramin yaro mai rauni yana iya rikiɗa cikin kwanaki ya zama wata muguwar cuta da likitoci ke kira noma. Sunan ba na Hausa ba ne, kuma ba ruwansa da noman gona. Daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa cinyewa.

Cutar ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6. Ta fi samun yaron da ke da tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ko wanda aka yaye babu abinci mai gina jiki. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi. Baki ya yi wari mai ƙarfi, yawu ya riƙa dalala, yaro ya ƙi cin abinci. Sai kunci ko leɓe ya kumbura. Sai wurin ya yi baƙi, naman ya mutu ya faɗi, ya bar rami a fuska. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. OMS ta ce in ba a yi magani ba, har yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Waɗanda suka rayu kuwa suna fama da wahalar ci da magana, wasu muƙamuƙinsu ya ƙage.

Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba kuma a ɗaukarta daga wani yaro zuwa wani. In an kai yaro gidan likita tun ciwon yana dasashi, ko da kunci ya fara kumbura, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Bayan nama ya faɗi kuwa, sai aikin tiyata, sau da yawa ba sau ɗaya ba.

Ƙasarmu tana cikin waɗanda suka san wannan cuta. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara kula da yaran da ta kama a Damagaram a shekarar 1992. A Sakkwato an buɗe asibiti na musamman dominta a 1999. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, OMS ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Amma Damagaram da Sakkwato suna karɓar yaro ne bayan ɓarna ta auku. Wurin da ake tare cutar shi ne cinyar uwa, ranar da ta ɗaga leɓen ɗanta ta duba.

Abin yi a gida

Ba mu rasa kayan aiki ba. Tun shekarar 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoma suka fara dasa layukan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, a kwarin Maggiya don tare iska. Daga 1984 aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya, ya dasa itatuwa miliyoyi. Yau da wuya ka sami gari babu dogon yaro a ƙofar gida ko a bakin masallaci. Ɗan reshensa mai kaurin ƙaramin yatsa aswaki ne mai kyau. Malamanmu kuma sun sha gaya mana cewa aswaki sunna ce mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne mu iya yin sa.

1. A tauna bakin aswaki har ya yi laushi kamar gashi. Busasshe mai tauri yana yanka dasashi, a jiƙa shi tukuna.
2. A goge inda haƙori ya haɗu da dasashi, daga naman zuwa bakin haƙori. Kada a yi ta dirza gefe da gefe da ƙarfi.
3. A bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, sama da ƙasa, har na ƙurya. Yawancinmu na gaba kawai muke gogewa, don su mutane ke gani. Yawo da aswaki a baki ba gogewa ba ne.
4. A yi aƙalla sau biyu a yini, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu yana raguwa in ana barci.
5. A fitar da abin da ya maƙale tsakanin haƙora da zare mai tsabta ko tsinke mai laushi. Ban da allura, ban da reza.
6. A yanke bakin aswakin da ya tsufa, a wanke shi, a ajiye inda ƙuda ba ya sauka. Kowa da nasa, ba a aro.

Mai halin sayen buroshi ya sayi mai laushi, da man goge haƙori mai sinadarin fulor, wanda ke kare haƙori daga kogo. Yashi da toka da garin gawayi mai tsakuwa suna cinye haƙori, a bar su.

In dasashi ya kumbura, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, a kurkure sau uku ko huɗu a yini, a tofar.

Jariri kuma, da haƙorinsa ya fito, uwa ta naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa ta goge masa. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai ya kai wajen shekara 7, kafin nan aikin manya ne. A ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. A haɗa kunun yaye da garin wake ko ƙuli-ƙuli ko madara. A kai shi rigakafin ƙyanda a wata 9, a koma na biyu yadda katinsa ya nuna. A kwantar da shi cikin gidan sauro, kuma a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara da damina.

Yaushe za a tafi gidan likita

Babban mutum ya tafi in jini bai tsaya ba bayan mako biyu na gogewa mai kyau, ko in akwai mugunya, ko haƙori na girgiɗa, ko fuska ta kumbura. Likitan haƙori yana da ƙarfen da yake kankare daskararren dattin har ƙarƙashin dasashi. Kankarewar ba ta raunana haƙori. In an yi ta da wuri, ciwon yana tsayawa, haƙoran da suka rage su tsira.

Yaro kuwa ba a jira da shi. In ka ga gyambo a dasashi da warin baki, ko kunci ya kumbura, a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar, ko da dare ne, ko da a amalanke ne. Tun 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ko an ce a sayo wani magani, kuɗinsa bai kai kuɗin tafiya Damagaram da jinyar watanni ba.

Kada a ɗiga ruwan batir ko man birki a haƙori. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona naman. Kada a yi sakiya ko tsaga a kuncin yaro. Kada a ba mai cire haƙori na kasuwa baki, don ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba yana ɗauke da ciwon hanta da wasu cututtuka. Kada a sayi kafso a tire a sha yadda aka ga dama. Ma'aikacin lafiya ne ya san irin maganin da adadin kwanakinsa, kuma in ya rubuta a shanye duka.

Ga masu cewa ba wannan ne damuwarmu ba

Na san wani zai ce: Malam, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka ta yi bununi, ina shi ina zancen aswaki? Wani kuma zai ce likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna manyan birane kamar Yamai da Maraɗi da Tawa. Duka biyu gaskiya ne, kuma hakki ne a kan hukuma ta kusanto da wannan aiki ga gundumomi. Amma wannan dalili shi ne ya sa rigakafi ya fi zama dole a kanmu. Mai kuɗi in haƙorinsa ya faɗi zai sa na roba. Talaka in nasa ya faɗi, ya rabu da tauna rogo da nama da gasasshiyar masara ke nan. Mai nesa da likita shi ya fi kowa bukatar kada ciwo ya kama shi. Aswaki kuma ko dala ba ya ci.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Iyaye mata da kakanni, ku sa ranar Juma'a ta zama ranar duba baki: a wanke hannu da sabulu, a fita cikin haske, a ɗaga leɓen kowane yaro sama da ƙasa. Yaron da ke jinya ko ya tashi daga jinya a duba shi kullum. Ma'aikatan lafiya da masu taimaka musu a ƙauyuka, in kun auna nauyin yaro da damtsensa, ku buɗe bakinsa ma. Limamai, in kuna koyar da alwala, ku nuna yadda ake kai aswaki haƙoran ƙurya. Malaman karatun manya, ku karanta wannan shafi a aji, kowane ɗalibi ya zo da aswakinsa a gwada tare, sannan ya koya wa mutum biyar a gidansu.

Matar nan da na ba ku labarinta ta je gidan likita daga baya, an kankare mata sauran haƙoran, jinin ya tsaya. Huɗun da suka tafi ba su dawo ba. Amma da na sake zagayowa, na tarar ita ce ke tsaye gaban allo tana karanta wa ƴan aji, ƴarta ƙarama tana gefe da ɗan guntun aswaki a hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gobe da asuba, in ka gama aswaki, dubi bakinsa kafin ka ajiye. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.